Shekarar da Na Gyara Shofaj

Abdulkarimu, Rakiya, wannan babin naku ne ku biyu, jikoki in sun girma sa karanta daga baya. Na san abin da kuke faɗa a Yamai in zancen mahaifiyarku ya taso. Kuna cewa tsohon nan taurin kai ne da shi, ya riƙe ta a Gaya don son ransa, ya ƙarar da sauran kwananta yana kwance ƙarƙashin tsohuwar mota. Ba ku taɓa faɗa mini a ido ba, tarbiyyarku ta wuce nan, amma zancen duniya ba ya ɓuya. Taurin kai kam ina da shi, gado na yi, ba zan musa ba. Sauran zancen kuwa ku bari in shimfiɗa muku shi yadda ya faru.

A shekarar da ciwon zuciya ya kama mahaifiyarku Hajiya Mero, abin da ya fi gallabar ta ba kumburin ƙafa ba ne, ba kuma hakin da take yi in ta taka daga ɗaki zuwa madafa ba. Sanyi ne. Matar da na aura tana wanki da sassafe a bakin kogin Isa, ruwa har gwiwa, tana yi wa sauran mata dariya in sun ce ɗari, ita ce ta koma neman bargo a watan da mutane ke kwana a tsakar gida. Da sanyin gaske ya shigo kuwa, sai abin ya zama abin tausayi. Kaskon gawayi ba ya barin gefenta, safa a kan safa, amma in ka taɓa tafin ƙafarta kamar ka taɓa gindin randa. Likitan da ke duba zuciyarta a Doso yake, randebunsa kuma, wato ranar ganinsa, akai-akai ne, in kana son layi sai ka bar Gaya da sallame sallar asuba. Ni nake kai ta, a farar motar nan tawa ƴar Turai da na saya tun ina aikin tuƙo motoci daga Kwatano zuwa Yamai. Mahaifiyarku ce ta raɗa mata Akwala tun tana da ƙuruciyarta, don kawai ta ba ni haushi, sunan kuma ya bi ta.

Wata tafiya da muka yi, sanyin fadama ya ratsa motar nan ta ko'ina. Kafin mu kai Doso haƙoranta na haɗuwa, sai da mata biyu suka kama ta ta fito. Da muka dawo gida ta zauna bakin gado, ta ɗago kai.

"Alhaji, ni da motar nan da asuba, haihata-haihata. In mutuwa ce, ta same ni a ɗakina da ɗumina."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Ashe da gaske take. Randebu ya zo, na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya wa bango fuska. Labari ya kai Yamai, sai ga wayarka, Abdulkarimu.

"Baba, mun yanke shawara. Da na dawo daga sarin kaya zan zo in ɗauki Inna. Rakiya ta gyara mata ɗaki, asibiti ga shi kusa, ba sai ana jijjiga ta a hanya ba."

"Kun yanke shawara. To madalla. Ni kuma fa?"

"Kai ma ka zo mana, Baba."

Ka faɗa ne kawai don baki, ka san ba mai yiwuwa ba ne. Kai kana gidan haya da iyalinka, Rakiya kuma gidan mijinta take. Ni da furfurata in tare a gidan suruki, in riƙa cin tuwonsa ina sunkuyar da kai? Ai ko a mafarki. Abin da shawararku ke nufi shi ne a ɗauke ta a bar ni, in riƙa zuwa gaishe da matata kamar baƙo. Tsoro ya kama ni ranar nan, irin wanda ban taɓa ji ba ko a dajin hanyar Kwatano. Na gaya mata abin da ka ce, ta ce, "Uhm." Shi ke nan. Ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba, ni kuma ban tambaye ta ba, don mutanen zamaninmu ba mu iya irin wannan tambaya ba. Abu ɗaya na kama: sanyi ne ya hana ta zuwa Doso, rashin zuwa Doso kuma shi zai raba ni da ita. To sai in raba motar da sanyi kafin ka dawo.

Kowace motar Turai da shofaj take zuwa, wato abin da ke ɗebo zafin inji ya hura wa mutanen ciki. A gaban Akwala akwai maɓalli, shuɗi a gefe ɗaya, ja a ɗayan, tun da na saye ta hannuna bai taɓa kai shi wajen jan ba. Na murɗa, shiru. Na buga wurin da tafin hannu, shiru. Sai na nufi garajin Sumana, makanikin nan na bayan tasha, wanda muka yi yarinta tare, bakinsa kuma har yau bai girma ba. Ina faɗa masa abin da ya kawo ni ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya dafe ciki.

"Jama'a ku zo ku ji ikon Allah! Duk Gaya gyaran kilim mai hura sanyi ake kawo mini, kowa na kukan zafi, Alhaji shi wuta yake so a hura masa. Gasa masara za ka yi a ciki?"

"In ka gama haushin sai ka buɗe motar."

"Wallahi tun da na fara riƙe ƙarfe ba a taɓa kawo mini wannan aiki ba. Wa ya aike ka?"

"Ƙafar Mero ce ba ta ɗumi."

Dariyar ta tsaya. Ya goge hannu a riga, ya ce, "Kala suuru," sai haƙuri ke nan da Dandancinsu, ya buɗe ƙofar motar.

Da ƙaramin abu muka fara. Fankar da ke hura iska ba ta motsi, ya duba fizibil ɗinta, wato fis, ya tarar ya ƙone tun ba a san shekara ba. Ya sa wani. Ina murɗa maɓalli sai motar ta yi tari, ta feso mana ɓawon gyaɗa da tsummokaran da ɓeraye suka tara a bututu, har cikin bakin Sumana. Iska dai ta zo, amma sanyi ƙalau. Ya ɗaga murfin inji ya nuna mini tiyo biyu da aka lanƙwasa aka haɗa bakinsu wuri ɗaya, ya ce in gaishe da aikin hannunsa.

Nan sai na yi muku bayanin abin da ku ƴan birni ba ku sani ba. A ƙarƙashin gaban mota, daidai gwiwar fasinja, akwai wani ƙaramin radiyate. Ruwan zafi na inji yana bi ta cikinsa, fanka ta hura ta kansa, iska ta fito da ɗumi. To mu nan, duk motar da ta tsallako gadar kan iyaka, tun ba a yi mata lamba ba ake cire tiyon da ke kai masa ruwa, a haɗe su waje, don kada wata rana ya fashe ya yi wa mutum wanka da tafasasshen ruwa. A kuma zare kalorsta a jefar, wani ɗan ƙarfe mai kamar murfin buta da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi. Mu masu tuƙo motoci kaciya muke ce wa wannan aiki. Ba wanda ke tambayar ka ko kana so, kamar yadda wanzami ba ya tambayar yaro. Kuma ba wauta ba ce, wanda ya san bazarar ƙasar nan ya san inji ba ya bukatar a taya shi zafi. Motocin da na tsaya a kai aka yi musu haka ba su ƙirguwa, Akwala na cikinsu. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wata rana wani a Gaya zai nemi abin da ake jefarwa.

Kafin mu mayar da tiyon sai da muka leƙa bakin bututun ƙaramin radiyaten, muka ga zanzaro ya gina gidansa na laka a ciki, ya toshe shi tsaf. Muka sakace, muka yi ta ɗura ruwa ta wannan baki yana fita ta wancan, ja kamar ruwan tabki, har ya dawo fari. Muka haɗa, muka tayar da inji. Can sai na ji ɗan ɗumi a bayan hannuna. Ban gama cewa alhamdu lillahi ba gilashin gaba ya rufe da tururi, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, na duba ƙasa na ga ruwa na ɗiga a kan takalmina. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Ya huje," in ji Sumana. "Sai an kwance gaban motar nan kaf kafin a kai gare shi. Alhaji, ka saya mata bargo mai kauri mana, a huta."

"Barguna nawa ne a kanta ranar da aka fito da ita a Doso kamar kaya? Kwance."

Ya kwance yana zagin Turawan da suka ɓoye abu a inda hannu ba ya kai, yana haɗawa da kakannina. Muka kai wa mai walda ya liƙe. Kwanaki suna tafiya. Kullum in dawo gida da baƙin mai har gwiwar hannu, in tarar da mahaifiyarku a gefen kaskonta, wayar Rakiya a kunnenta. Ina jin muryarki, Rakiya, kina gaya mata kalar labulen da kika sa, da yadda yara ke murnar kakarsu za ta zo. Ita kuma tana cewa, "Allah ya yi albarka, Allah ya yi albarka." Kowace albarka da ta sa, sai in ji kamar ta ɗaure wani ƙullin kayanta ne.

Da aka mayar da kome, a tsaye a garaji motar tana ba da ɗumi mai daɗi. Washegari da asuba na fita gwaji ni kaɗai. Ina hawa gudron, wato kwalta, na ba ta wuta, ɗumin ya fara ja da baya, kafin in yi nisa ya koma sanyi, allurar zafin inji kuma tana kwance a ƙasa abinta. Tsugunne ba ta ƙare ba. Sumana bai ko tashi daga benci ba da na gaya masa.

"Kalorsta ne. Ruwa na ta zagaye yana hucewa, inji bai yi zafi ba balle ya sammaka. In ka samo shi a garin nan, ni kuma in bar sana'a."

Na bi garajin Gaya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya cire su da yawa a rayuwarsa, ba wanda ya ajiye ko guda, masu sayen tagulla sun kwashe. Har suna aka sa mini a tasha, Alhaji Shofaj. Ko a jikina. Sai na yanke in ƙetare kogi zuwa kasuwar Malanbil. Lokacin gada a rufe take, sai ta ruwa ake ƙetarawa, ni kuwa da na yi rayuwata a kan taya ban taɓa yarda da kwalekwale ba. Na shiga dai, na ƙanƙame katako ina karanta duk abin da na haddace, har muka sauka Malanbil. Can cikin kasuwa na samu wani tsoho mai sayar da tsofaffin kayan mota, ya jawo wani gwangwani ya zazzage mini a ƙasa. Na tsinci waɗanda suka yi daidai da Akwala. Ya ce shi ba zai rantse mini a kan ko ɗaya ba, in je in dafa su, wanda ya buɗe baki a ruwan zafi shi ne mai rai.

Haka aka yi na shiga madafar mahaifiyarku, wurin da rabona da shi tun kuna goye. Tana zaune a ƴar kujerarta gaban murhu, ta bi ni da ido ina ɗora tukunya.

"Yau kuma ƙarfe za mu ci?"

"Ke dai iza wuta."

"Ba a tukunyar miyata ba dai. Ɗauki waccan ta ruwan wanka."

Na farko ya sha tafasa bai ko motsa ba. Wani kuma dama a wangame yake, ya mutu da baki buɗe. Na jefa na ƙarshe, muka sunkuya mu biyu a kan tukunya, tururi na dukan fuskarmu. Ruwa ya fara ƙananan ƙwai, sai ga abin nan yana buɗewa a hankali.

"Laa! Alhaji ka gani, ya buɗe baki kamar ɗan tsako!"

Ta yi dariya har da tari, har na tsorata. Rabon da in ji wannan dariya tun kafin ciwo. Da ta lafa ta goge ido da gefen zane, ta dube ni.

"Wai duk wannan wahala ta mece ce? Har da shiga ruwa, kai da ko wanka a gulbi ba ka yi?"

"Ta mota ce."

"Uhm. Ta mota."

Sumana ya sa kalorstan a inji. Allura ta tashi ta tsaya a tsakiya yadda ya kamata, amma da ya taɓa tiyon nan biyu, ɗaya ba ya taɓuwa don zafi, ɗayan sanyi. Ya ce iska ce ta maƙale a ciki ta hana ruwa wucewa. Muka kai motar kan tudu, goshinta sama, ya buɗe murfin ruwa yana matsa tiyo kamar mai tatsar nono, tana gyatsa tana gyatsa, har duka biyun suka yi zafi. Ya sa hannu a wurin ƙafar fasinja, ya janye da sauri.

"Tafi ka gasa masararka," ya ce, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ana gobe za ka iso, Abdulkarimu, na dawo daga masallacin asuba na tayar da motar na bar ta ta ɗumama. Na shiga na ce mata ta fito.

"Na gaya maka ni da motar nan..."

"Ba Doso za mu ba. Ki zauna a ciki kawai, in kin ji sanyi in mayar da ke ɗaki, ba zan ƙara yi miki zancen ba."

Na kama ta da bargunanta na zaunar da ita, na rufe ƙofa. Na ɗauki hanyar Tunuga, garin da aka haife ta, a hankali saboda ramuka. Gari yana wayewa, tururi na tashi a kan gonakin shinkafa, masunta na dawowa a dunƙule cikin riguna. Ban dube ta ba, tsoro nake ji. Sai na ji motsi. Ta ture bargo ɗaya. Can ta sunkuya da ƙyar ta zare safa, ta miƙa ƙafafunta tsirara inda iskar ke fitowa, tana motsa yatsu. Ta ce in tsaya. Na tsaya a gefen hanya, inji na aiki. Na kai hannu na taɓa tafin ƙafarta, na ji shi da ɗumi kamar na kowa, sai hawaye suka zubo mini, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne mahaifina.

Ta bar ni na gama, tana kallon gonaki.

"Alhaji, ka san ba warkewa zan yi ba."

"Allah ke warkarwa."

"Shi ne. Amma ni nake cikin jikin nan. Zan je Doson, duk ranar da likita ya ce, tun da ka kashe mini baki. Yamai ce ba za ni ba. Ina son ɗakina, ina son maƙwabtana su leƙo, ina son in buɗe ido in ji tarinka a tsakar gida. In ta zo, a kai ni kusa da innata. Tun ranar da yaron nan ya yi waya na san ba za ni ba."

Abdulkarimu, ka san ba ta kama sunanka, kai ne ɗan fari.

"To me ya hana ki faɗa? Kin bar ni ina ta haukan neman ƙarfe!"

"Da wane baki? Yarinya ta sa labule, ta gaya wa ƴaƴanta. In ce musu ba na son ɗakinsu? Da hujjar me za ka riƙe ni, alhali ba na zuwa asibiti? Yanzu kana da hujja. Ka kira shi ka ce kai ne ka hana."

"Ni? Mero, yaran nan za su tsane ni."

"Za su ji haushinka, su huce. Kai kana da lokacin jira. Ni in suka ji haushina, ba ni da kwanakin da zan jira su huce."

A nan gefen hanya na kira ka, tana zaune tana ji. Na ce mota ta gyaru, ni zan ci gaba da kai ta Doso, matata ba ta zuwa ko'ina, na gama magana. Ka ce, "Baba, in wani abu ya same ta, kai ne." Na ce na ji. Da na kashe wayar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, har muka iso gida ba ta buɗe ba.

Ba ta ƙara fashin randebu ba. Mun yi sauran sanyin nan muna tafiya Doso, ƙafarta a wurin ɗumi, tana ba ni labaran ƙuruciyarta da ban taɓa ji ba duk zamanmu, wani lokaci ta yi barci kanta a jikin gilashi. Ban taɓa samun ta kamar a wannan hanya ba, kuma ita nake kewa fiye da kome. Ta ga bazara, ta ga ruwan farko. Kun zo da Salla ta tilasta mana cin tuwo a kwano ɗaya ni da kai, Abdulkarimu, ka ci don ita, idonka a ƙasa. Gero na fara kai gwiwa ta cika, a ɗakinta, maƙwabta na kewaye da ita, muka kai ta Tunuga kusa da innarta.

Ko da ta je Yamai za ta ƙara kwana? Ban sani ba, na kuma tambayi kaina fiye da yadda kuka tambaya. Abin da na sani, ba ƙin ku ta yi ba. Ta zaɓi inda za ta mutu, ta kuma zaɓi ta tafi kuna son ta ba tare da ko ɗigon ɓacin rai ba, ta samu duka biyun. Na riƙe mata maganar nan shekaru, da niyyar in tafi da ita kabari. Amma yanzu ni ma na fara neman bargo a watan da mutane ke kwana a tsakar gida, kuma har yau, Abdulkarimu, in ka kira ni gaisuwar maƙwabci kake yi mini, ka tambayi lafiya ka ajiye. Ita ta ce ina da lokacin jira, a nan ne kawai nake ganin lissafinta ya kusa kucce mata. Allah ya jiƙanta, ta yafe mini buɗe bakin da na yi.

Ta ce za ku huce. Ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ina gida.